Niƙabin Malamar Aji Uku

Makarantar tana can ƙarshen layi, bayan wani kanti da ake sayar da kayan gini, kuma abin da aka san ta da shi shi ne ba ta ware yara. Mai gani da makaho, mai gudu da ƙafarsa da wanda ake turowa a keke, duk aji ɗaya suke shiga, malami ɗaya suke saurare. Aji uku shi ne na kusa da famfo. Matar da ke riƙe da shi ta daɗe a cikinsa har sunanta ya ɓace a bakin mutane. Iyaye da malamai da mai gadi kowa Malamar Aji Uku yake ce mata.

Mace ce mai sa niƙabi. Ba mahaifinta ne ya ɗora mata ba, ba kuma mijinta ba. Tun tana budurwa ta ɗauke shi da kanta, ta riƙe shi a matsayin wani abu da ke tsakaninta da Ubangijinta, ba ta taɓa yi wa wata mace gori da shi ba. Idan ta shiga aji takan tura ƙofa, ta ɗage shi ta mayar bisa kanta, tunda yaran ƙanana ne. Idan aka ƙwanƙwasa, sai ta sake shi kafin ta ce a shigo. Hannunta ya saba da wannan har ya daina jiran umarninta.

A bencin gaba, daidai tsakiya, akwai wata yarinya siririya. Tana ƙarama zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, da ta tashi sai ya zama Allah Ya bar mata ranta da harshenta, Ya karɓi jinta. Tana magana, sai dai da ƙarfi, domin ba ta jin muryar kanta. Maganar mutane kuwa a leɓɓansu take ɗaukarta, ta kafe bakin mai magana da ido ko ƙiftawa ba ta yi, shi ya sa 'yan ajin suka sa mata Mai-ido. Saboda ita Malama ta sake duk yadda take koyarwa. Ta daina magana tana fuskantar allo. Ta koyi tsayawa inda hasken taga ke sauka a fuskarta. Idan wani yaro ya ba da amsa daga baya, sai ta maimaita amsar da bakinta, a hankali, kafin ta ce daidai ne ko kuskure. Da haka Mai-ido ta koyi karatu, har ta fara wuce wasu masu kunne biyu.

Wata safiya Shugabar makarantar ta kira ta ofis, ta ce ta rufe ƙofa.

"Malama, kin san matar nan da ke zuwa duba mana yara masu buƙata ta musamman? Ta ajiye aiki. An turo wani a madadinta, kuma makon gobe zai zauna a ajinki."

"Wani kika ce, ranki ya daɗe, ko wata?"

"Wani na ce. Namiji, da gashin bakinsa kamar tsintsiya, na gan shi a taro." Shugaba ta cire tabarau ta murza ido. "Kuma saboda Mai-ido zai zo. An ce yana ganin yaran da ba sa ji kwata-kwata wahalar da su ake yi a ajin gama-gari. In ya ga ba ta bin darasi, zai ce a mayar da ita makarantar kurame ta kwana. Maganarsa kuwa ita ce ƙarshe."

Malama ta san makarantar da ake nufi, tafiyar yini ce a mota, kuma ta san abin da uwar yarinyar za ta ce, domin ta taɓa faɗa mata. Uwar tela ce, ita kaɗai take riƙe da 'ya'yanta. Ranar da aka fara tayar da zancen ta ce, "Malama, yarinyar da ba ta jin an kira ta, ba ta jin tahowar mota, in kai ta garin da ban san kowa ba ta kwana? In sun kore ta a nan, sai ta zauna kusa da keken ɗinkina ta koyi sa maɓalli." Ba faɗa take yi ba, a natse ta faɗa, kuma irin wannan maganar ba a janye ta. Idan Mai-ido ta bar aji uku, karatunta ya ƙare ke nan.

Shugaba ta dube ta, ta dubi baƙin mayafin da ke fuskarta. "Ba zan ce ki yi ko kada ki yi ba. Amma ke ma kin san in kika koyar da wannan a fuskarki, yarinyar za ta zauna kamar an ajiye tulu."

Kwanakin da suka biyo baya Malama ba ta san yadda suka wuce ba. Tana koyarwa sai ta tsinci kanta tana kallon kujerar da ke bayan aji, inda masu dubawa suke zama tun da aka gina makarantar, kujerar da ke fuskantar malami kai tsaye. Abinci ya daina yi mata daɗi. Mijinta ya lura, ta gaya masa, ya ce shi direba ne, wannan ba hanyar da ya sani ba ce, ta je wurin Baba.

Ta sami mahaifinta bayan la'asar a ɗakinsa na karatu, littattafai sun kewaye shi, yana fama da ƙafar tabarau da ta karye yana ɗaure ta da zare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labari duka ta gaya masa. Bai katse ta ba har ta gama.

"Uwata, me kike so in gaya miki wanda ba ki sani ba? A ɗakin nan kika zauna muka bi maganar malamai magabata, Allah Ya yi musu rahama. Wasu suka ce rufe fuska wajibi ne, wasu suka ce falala ce, kuma kowannensu ya fi ni da ke tsoron Allah. Kin san abin da suka faɗa a kan larura. Ba ilimi ya kawo ki ba."

"To me ya kawo ni, Baba?"

"Kin zo neman wanda za ki sauke wa kaya. In na ce ki buɗe, duk ranar da zuciyarki ta dame ki sai ki ce tsohon nan ne ya sa ni. In na ce kada ki buɗe, yarinyar mutane ta hau wuyana ranar da ba ni da wuyan ɗauka." Ya gwada tabarau, ya zauna masa a karkace, ya bar shi haka. "Dubi yadda na koma. Wannan ne za ki ɗora wa?"

Ta yi murmushin da bai kai zuci ba. Ta ce ba tsoron hukunci kaɗai take ji ba. Tsoronta shi ne, abin da ta riƙe shekara da shekaru ba don kowa ba, yau ta sake shi don wani ma'aikaci ya rubuta abu mai kyau. Wa ya san ko don yarinyar za ta yi, ko don a ce ajinta ya yi kyau?

"Wannan tambayar ta fi ta farko," in ji shi, "kuma ba ni da amsarta, Mai amsarta Yana jin ki. Ki roƙe Shi Ya zaɓa miki. Amma bari in tambaye ki abu ɗaya. Mutumin nan, me zai zo gani? Ke, ko yarinyar?"

A hanyar komawa gida tambayar ta yi ta juyawa a ranta, har ta ga wata mafita. Ba dole ne mai dubawa ya zauna a baya ba. Al'ada ce kawai. Idan aka ajiye masa kujera a gaba, a kusurwar da ke gefen allo, zai kasance a bayanta. Shi ya ga fuskokin yara, yara su ga tata. Matsala ɗaya ce: ba za ta iya juyawa ta yi rubutu ba. Don haka jajiberin zuwansa, da aka tashi, ta tsaya ita kaɗai ta cika allon da duk abin da darasin ke buƙata. Darasin ruwa ne, yadda yake tashi sama ya zama gajimare. Ta zana rana, ta zana tafki, ta rubuta kalmomin da hannunta mafi kyau, ta ja baya ta duba, ta yi hamdala.

Washegari da ta tura ƙofar ajin, sai ta ga allon baƙi wuluk yana ƙyalli, ruwa na gangarowa daga ƙasansa. Shugaba ta ba da umarni a tsabtace kowane lungu saboda baƙo, mai shara kuwa, baiwar Allah, ta yi aikinta da zuciya ɗaya, ta wanke shi da tsumma har sau biyu. Malama ta ɗauki alli ta fara rubutu, allin ya riƙa zamewa bai bar komai ba sai wani danshi fari-fari. Tana cikin haka ta ji tsayawar mota a ƙofar makaranta.

Sufeton, wato mai dubawar, dattijo ne, mai tsayi, maganarsa ƙasa-ƙasa take fita daga ƙarƙashin gashin baki. Ya yi sallama, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya nufi kujerar baya. Shugaba, wadda ta rako shi, ta fara cewa ai kujerar nan ƙafarta ba ta da ƙwari. Malama ba ta so a fara ranar da abin da ba haka yake ba, sai ta ce:

"Ranka ya daɗe, kujerar lafiyarta ƙalau. Alfarma nake roƙo. Yarinyar da ka zo dubawa bakina take karantawa, ni kuma ba na buɗe fuska gaban maza. In ka zauna a kusurwar can ta gaba, za ka ga yara, su kuma su gan ni."

Ya tsaya yana kallon kusurwar. "Ban taɓa zama a bayan malami ba," ya ce. "Amma yau sai mu gani." Ya ɗauki kujerar da kansa ya kai ta wurin. Shugaba ta fita.

Malama ta juya masa baya, ta yi bisimilla a zuci, ta ɗage niƙabin. Da farko komai ya tafi daidai. Ta tambayi yara wa ya taɓa shanya wanki, hannaye suka tashi, na Mai-ido a ciki. Amma darasin da aka gina a kan zane ba ya tsayuwa da baki kaɗai. Wani yaro da ake turowa a keke ya ce bai gane yadda ruwa zai hau sama ba tunda ba shi da ƙafa. Wata ta ce a rubuta musu kalmar tururi. Allon ya fara bushewa daga sama, ana iya rubutu, sai dai kafin ta kai gare shi dole ta fuskanci kusurwar.

Ta saki niƙabin, ta juya, ta rubuta, ta juyo, ta ɗage. Can kuma aka sake buƙatar allo. Ta saki, ta juya, ta zana, ta juyo, ta ɗage. A karo na gaba wani yaro a baya ya ce a hankali, "Malama tana buɗe kanti tana rufewa," ajin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Tana jin motsin alƙalamin mutumin a bayanta kamar a cikin kunnenta yake rubutu. Cikin gaggawar kada lokaci ya ƙure, sai ta yi abin da ta yi shekaru ba ta yi ba: ta ci gaba da bayani tana fuskantar allo, fuskarta a rufe. Jigon darasin gaba ɗaya, yadda zafin rana ke ɗaga ruwa, a nan ta faɗe shi, ga allo.

Da ta juyo ta ga abin da ta yi. Mai-ido tana waige-waige, ta dubi wannan ta dubi wancan, tana neman a bakin 'yan'uwanta abin da ya wuce ta. Ta ga suna dariya ba ta san dalili ba, ta ɗauka da ita ake, ta sunkuyar da kai. Malama ta taɓa bencinta don ta ɗago, amma kafin ta gyara komai sai muryar Sufeto ta fito daga kusurwa.

"Bari in tambaye ta da kaina. Yarinya, da na shigo allon nan a jiƙe yake, yanzu ya bushe. Ina ruwan ya tafi?"

Mai-ido ba ta ma san ana yi mata magana ba. Ta kusa da ita ta zungure ta, ta nuna mata kusurwar. Ya maimaita. Yarinyar ta kafe bakinsa da ido iya ƙarfinta, amma gashin ya rufe leɓensa na sama, kuma ba ya buɗe baki sosai. Ta dubi Malama. Malama ta buɗe baki za ta maimaita mata, sai ta ji ƙarar kujera. Ya tashi. Ya zagayo ta gefenta ya nufi bencin gaba domin yarinyar ta gan shi da kyau, kuma kafin ya iso hannun Malama ya riga ya saki niƙabin.

Ya tsaya a gefen bencin ya sake tambayar a karo na uku, da ƙarfi, kamar ƙarfin murya zai yi wani amfani.

"Malama," ya ce, "ki faɗa mata abin da na ce."

Yana tsaye tsakaninta da yara, babu kusurwar da za ta juya. Idan ta ce ya koma mazauninsa, yarinyar da ta riga ta firgita za ta ga ana ta kai da kawo a kanta, ta fashe da kuka, kuma abin da zai tafi da shi ke nan. Idan ta yi magana ta bayan mayafi, daidai yake da ba ta yi ba. Ta dubi idanun nan da suka cika da ƙwalla, sun tsaya a kan baƙin yadi, daidai inda suka san bakinta yake, suna jira. Ba ta tuna ajinta ba, ba ta tuna abin da za a rubuta ba. Ta ce a zuciyarta, ya Allah Kai ne Masanin abin da ya sa, ta ɗaga hannu da saninta a wannan karon, ta ɗage.

Ta ji iska a fuskarta kamar ruwan sanyi. Ba ta dubi ko'ina ba sai yarinyar. Ta ranƙwafa kaɗan inda haske ke sauka, ta ce a hankali, "Kwantar da hankalinki, ba faɗa ake yi miki ba. Dubi allo. Ɗazu a jiƙe yake. Yanzu ya bushe. Ina ruwan ya tafi?"

Mai-ido ta dubi allon, ta goge ido da bayan hannu. Bayanin da aka yi bai same ta ba, sai ta nemi amsa a inda ta sani.

"Ya tashi sama!" ta ce, da muryarta mai cika ɗaki. "Kamar in Inna ta yayyafa ruwa a yadi ta ɗora dutsen guga, sai ya yi hayaƙi ya tashi. Amma na allo ba ya hayaƙi, don ba shi da zafi sosai. A hankali yake tashi."

Sufeto ya sake yin wata tambayar, Malama ta maimaita, yarinyar ta amsa rabi daidai rabi kuskure. Ya ce ta karanta kalmomin da ke allo, ta karanta. Duk wannan lokacin Malama ba ta ɗaga ido ba, sai gefen takalminsa take gani. Ko ya dube ta, ko kansa na kan yarinyar, ba ta sani ba, kuma ba wanda za ta tambaya. Da aka kaɗa ƙararrawa ta saki niƙabin.

A baranda Sufeto ya tsaya, Shugaba na gefe, ya yi magana yana kallon farfajiya.

"Yarinyar za ta zauna. Amma kada a yi mini fahimtar da ba ita ba. Rabin darasin nan ya wuce ta, na gani da idona. Ba ajin ne ya riƙe ta ba, bakin mutum ɗaya ne, kuma wannan yana damuna. Zan riƙa dawowa, ba kullum zan sanar ba. Wa ke riƙe da aji huɗu?"

Shugaba ta ce wani malami ne, matashi.

"Yana da gashin baki?"

"Yana da shi, ranka ya daɗe."

"To mu biyu muna da aiki a gabanmu," ya ce, ya shafa nasa. "Ƙarshen shekara sai mu sake zama a kan maganarta."

Malama ta yi sallar azahar a ɗakin malamai mata, ta daɗe a sujada. Ta roƙi Allah, idan ta yi daidai Ya karɓa, idan ta yi kuskure Ya yafe, domin har lokacin zuciyarta ba ta tsaya a kan ɗaya ba. Ta kuma san mutumin zai dawo, zai tashi daga kujera duk lokacin da ya ga dama, kuma abin da ya faru yau zai sake tsayawa a gabanta.

Da aka tashi ta riƙo hannun Mai-ido zuwa ƙofa. Uwar tana tsaye a gindin katanga tun kafin lokaci, ta bar shago a buɗe, zare na maƙale a hannun rigarta. Ba ta ma iya gaisuwa ba.

"Malama, yaya?"

"Ki wanke mata kayan makaranta, akwai karatu gobe. Zuwa ƙarshen shekara dai an bar mana ita."

Matar ta dafa katanga, ta yi ta maimaita hamdala. Mai-ido ta dubi uwarta, ta dubi baƙin yadin da ke fuskar Malama, ta ja gefen hijabinta.

"Me kika ce wa Inna? Korata aka yi?"

Titin cike yake da iyaye maza da masu babur da leburorin kantin gini. Malama ta juya musu baya, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da ta yarinyar, ta ɗaga gefen mayafin da yatsu biyu.

"Ba a kore ki ba. Gobe ki zo da wuri, za mu sake darasin ruwa tun daga farko."